Ƙa'idojin sana'ar masu rubuta manhaja: Abin da ya kamata ku sani

Idan kun taɓa cire kuɗi wajen mai POS a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko kun yi wa ɗanku rajistar jarrabawar JAMB, ko an ɗauki zanen yatsunku domin lambar BVN kafin a ba ku bashin noman shinkafa, to kun riga kun ba wani mutum amana alhali ba ku taɓa ganinsa ba. Mutumin shi ne wanda ya rubuta manhajar da ke cikin na'urar. Shi ya tsara yadda za a lissafa kuɗinku, da inda za a ajiye sunanku da lambar wayarku, da waɗanda za su iya ganinsu.

Sana'ar wannan mutum tana da ƙa'idojin ɗa'a a rubuce, kamar yadda likitoci da lauyoyi suke da nasu. Jama'a da yawa ba su san da su ba, har ma da wasu masu sana'ar. Saninsu zai amfane ku, domin ku ake nufin karewa da su.

Mece ce manhaja, kuma wane ne mai rubuta ta?

Kwamfuta da waya ba su da hankalin kansu. Duk abin da kuka ga sun yi, wani ne ya jera musu umarni ɗaya bayan ɗaya. Wannan jerin umarni shi ake kira manhaja. WhatsApp manhaja ce. Abin da ke nuna muku ragowar kuɗinku idan kun danna lambobin banki a ƙaramar waya shi ma manhaja ce. Haka abin da ke fitar da albashin malaman makaranta a ƙarshen wata, da wanda ke ajiye katin marar lafiya a kwamfutar asibiti.

Umarnin yana tafiya ne kamar haka: idan kuɗin da ke cikin asusu bai kai abin da aka nema ba, ki ƙi biya, idan ya kai, ki cire, ki aika wa mai asusun saƙo. Babbar manhaja takan ƙunshi dubban layuka irin waɗannan, wata ma miliyoyi. Wanda ya iya harshen da kwamfuta ke ganewa, yake zama ya tsara mata waɗannan layuka, shi ne mai rubuta manhaja. Wasu suna aiki a bankuna da ma'aikatun gwamnati, wasu a kamfanoni, wasu kuma matasa ne masu zaman kansu da ke karɓar aiki daga makarantu, shagunan magani da ƙungiyoyin manoma.

Mene ne kundin ɗa'ar sana'a?

Takarda ce da masu wata sana'a suka taru suka rubuta, suka bayyana abin da ya dace ɗan sana'ar ya yi da abin da bai dace ba, ko da babu mai ganinsa. Alkawari ne da suke ɗaukar wa jama'a.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masunta suna da Sarkin Ruwa, maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta suna da Sarkin Pawa, kuma kowace sana'a tana da abin da ake cewa "ba a yi". A zamanance, likitocin Najeriya suna da majalisar da ke ba su lasisi, injiniyoyi ma suna da tasu, wato COREN. Abin da ya bambanta rubuta manhaja shi ne sabuwar sana'a ce, kuma kowa na iya shigarta daga ɗakinsa idan yana da kwamfuta da intanet. Babu maigidan da ya zama dole a yi zama a ƙarƙashinsa kafin a yaye mutum. Shi ya sa rubutattun ƙa'idoji suka ƙara muhimmanci.

Me ya sa ake buƙatarsa?

Saboda ba ku da halin duba aikin da idonku. Idan mai awo ya bubbuge gindin mudunsa domin ya tauye muku hatsi, kuna iya ɗaukar mudun ku juya shi, ku gwada da na maƙwabcinsa, ku kai ƙara wajen sarkin kasuwa. Manhaja mudu ce da aka ɓoye a cikin na'ura. Abin da ta faɗa kawai kuke gani, ba ku ganin yadda ta auna.

Ga misali, kuma misali ne kawai. A ce wani ɗan kasuwa yana sayen shinkafa shanshera daga manoman fadamar Argungu. Ya sayi sikelin zamani, ya sa an rubuta masa manhaja mai karanta nauyi ta fitar da rasit. Manomi ya kawo buhunsa a kan babur, aka ɗora, nauyin ya zama kilo 80 da ɗigo 7. Amma a cikin manhajar akwai layi ɗaya da ya ce a yar da duk abin da bai cika kilo ba. Rasit ya fito da 80 cif. Manomi ya duba, ya ga rubutun na'ura ne, ya karɓi kuɗinsa ya yi godiya. Idan kowane buhu yana asarar kimanin rabin kilo, a buhu 2,000 an ci wa manoma kilo 1,000, wato fiye da buhu 12, ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Layin nan na iya shiga ta hanya uku. Ko mai rubutun ya yi sakaci bai gwada aikinsa ba. Ko maigidan ne ya ce a yi haka, shi kuma ya bi. Ko kuma ya gano kuskuren daga baya ya yi shiru don kada a ga gazawarsa. Kundin ɗa'a ya yi magana a kan dukkan ukun.

Su wa suka rubuta waɗannan ƙa'idoji?

Mafi shahara a duniya shi ne kundin ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, wadda aka kafa a Amurka a 1947. Ta fitar da kundin da aka daɗe ana amfani da shi a 1992, sannan ta sabunta shi a 2018 domin ya dace da zamanin wayar hannu da shafukan sada zumunta. A 1999 kuma ACM ta haɗa hannu da sashen kwamfuta na ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE suka fitar da kundi na musamman ga masu ƙera manhaja. Wannan kundi ya kasa haƙƙoƙin da ke kan ɗan sana'a gida takwas: haƙƙin jama'a, na wanda ya ba shi aiki, na ingancin abin da ya ƙera, na faɗin gaskiyar abin da iliminsa ya nuna masa, na waɗanda yake shugabanta, na martabar sana'ar, na abokan aiki, da na kansa wajen ci gaba da neman ilimi. Haƙƙin jama'a aka sa a farko, kuma shi ake rinjayarwa idan haƙƙoƙin suka ci karo.

A nan gida akwai wurare biyu. Na farko ƙungiyar masana kwamfuta ta Najeriya, NCS, wadda ta samo asali a 1978 kuma ta ɗauki sunanta na yanzu a 2002. Na biyu majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta, CPN, wadda gwamnatin tarayya ta kafa da doka mai lamba 49 ta 1993. Dokar ta ba ta ikon yi wa masu sana'ar rajista, da tsara matakin ilimin da ake buƙata, da ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida.

Me ƙa'idojin suka ƙunsa?

Kundayen sun bambanta a lafazi, amma sun haɗu a kan abubuwa kaɗan da kowa zai gane.

Kada ka cutar. Kafin mai rubutu ya fara aiki, ya tambayi kansa wa manhajar za ta iya cutarwa idan ta yi kuskure, ko idan ta faɗa hannun mugu.

Faɗi gaskiya. Kada ya ce ya iya abin da bai iya ba domin kada kwangila ta wuce shi. Kada ya ce aiki ya kammala alhali ya san akwai ɓaraka. Idan kuskure ya bayyana bayan an miƙa aiki, ya sanar da wuri.

Riƙe sirri. Wanda ya rubuta wa asibiti manhaja yana iya ganin cutar kowa. Wanda ya rubuta wa makaranta yana iya ganin sakamakon 'ya'yan mutane da lambobin iyayensu. Bai halatta ya leƙa abin da aikinsa bai buƙata ba, ko ya kwafa, ko ya sayar wa 'yan talla ko 'yan siyasa. Kuma kada manhajar ta tara bayanan da ba ta da buƙatarsu tun farko.

Gwada kafin ka miƙa. Gwaji shi ne a riƙa jarraba manhaja da lissafin da aka san amsarsa, da yanayi mai wuya kamar ɗaukewar wuta ko yankewar sabis ana tsakiyar tura kuɗi, a ga yadda za ta yi.

Toshe kafar kutse. Kutse shi ne shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka aikin mai rubutu ne ya tabbatar lambobin sirri ba sa zaune a fili. Haka kuma kada shi da kansa ya bar wata ɓoyayyar hanya da zai riƙa komawa cikin manhajar bayan ya miƙa ta.

Kada ka ware kowa. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa yakan sha wahala gaban na'urar ɗaukar yatsa. Mutum ɗaya ana rubuta shi Muhammad a banki, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Muhammadu a takardar makaranta, sai na'ura ta ce mutum uku ne. Dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa. Ƙauyuka da yawa sabis ɗinsu ba shi da ƙarfi, kuma ƙaramar waya ce a hannun mutane. Mai rubutun da ya san aikinsa yakan tanadi wata hanya ga irin waɗannan mutane, maimakon na'ura ta kore su.

Girmama aikin wani. Kada ya kwafi manhajar wani ya ce tasa ce, kada kuma ya sayar wa mutum na biyu abin da na farko ya biya aka yi masa shi kaɗai, sai da yardarsa.

Me ke faruwa idan an karya su?

Misali mafi kusa da mu shi ne manhajojin ba da bashi ta waya. Mutum yana cikin matsi, ya sauke manhaja, ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarsa da hotunansa, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Cikin minti kaɗan kuɗi ya shigo. Ranar biya ta wuce da kwana ɗaya ko biyu, sai saƙo ya isa wayar surukinsa, da limamin unguwarsu, da shugabansa a wurin aiki, ana kiransa ɓarawo ko ɗan damfara. Kwashe lambobin nan ba tsautsayi ba ne. Wani ne ya zauna ya rubuta layukan da ke kwasarsu. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Loans tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan keta sirri. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa na sauke manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane.

Misali na biyu daga Birtaniya yake, kuma duk mai POS ya kamata ya san shi. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara amfani da manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya ƙera. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassan da babu abin da ya ɓata. Aka gaskata na'ura, aka ƙaryata mutane. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 masu aiki a rassan a kotu bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu don cike giɓin da ba su ci ba, wasu sun kashe kansu. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai, kuma a 2024 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar wanke waɗanda aka hukunta. Akwai ma'aikatan da suka san da kurakuran tun da wuri. Shirun da aka yi ya fi kuskuren kansa ɓarna.

Wani lokaci rai ake rasawa. Jirage biyu ƙirar Boeing 737 MAX sun faɗi, ɗaya a Indunusiya a Oktoban 2018, ɗaya a Habasha a Maris na 2019, mutum 346 suka rasu, cikinsu har da malamin jami'a ɗan Najeriya, Farfesa Pius Adesanmi. Bincike ya nuna wata manhaja da ke dogaro da ma'auni ɗaya tak ce ta riƙa danna hancin jirgin ƙasa, kuma ba a yi wa matuƙa cikakken bayaninta ba tun farko.

To idan kuskure ne tsantsa fa?

Babu mai rubuta manhajar da ba ya kuskure, kuma kundin bai nemi a zama ma'asumi ba. Abin da ya nema shi ne a yi iyakar ƙoƙari wajen gwaji, sannan a fito fili idan abu ya ɓaci. A jarrabawar JAMB ta 2025 an samu tangarɗar na'ura da ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas. Bayan koke-koken iyaye da bincike, shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito a watan Mayu ya amsa laifin, ya nemi afuwa, aka sake wa ɗaliban jarrabawa. Ɗalibai sun wahala, kuma da an gwada aikin yadda ya kamata da ba a kai ga haka ba. Amma amsa laifin cikin makonni ya ceci shekarar karatun yara da yawa. Ku kwatanta da shekaru ashirin da aka yi ana musu a Birtaniya.

"Maigida ne ya sa ni" uzuri ne?

A'a. Kundayen sun yarda cewa ma'aikaci ya yi wa maigidansa biyayya da riƙon amana, amma iyakar biyayyar ita ce inda za a cuci jama'a. Matakan da ake shawarta su ne: ya bayyana wa maigidan illar abin, ya rubuta a takarda ko saƙo domin ya zama shaida, ya kai maganar ga na gaba idan ba a saurare shi ba, ya ƙi sa hannunsa idan an dage, kuma idan cutar babba ce ya sanar da hukumar da abin ya shafa.

Kotu ma ba ta karɓar wannan uzuri. A 2015 aka gano kamfanin motoci na Jamus, Volkswagen, ya sa manhaja a motoci kimanin miliyan 11 wadda ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, sai ta rage hayaƙin, idan an hau titi kuma ta sake shi. A 2017 wata kotun Amurka ta ɗaure injiniyan kamfanin, James Liang, wata 40, duk da cewa ba shi ne shugaba ba. Badaƙalar ta ci wa kamfanin fiye da yuro biliyan 30.

Mene ne bambancin ɗa'a da doka?

Doka tana da ɗan sanda da kotu. Ɗa'a ta fi doka faɗi, domin tana hana abin da doka ba ta kai ga ambata ba, amma mafi girman hukuncinta shi ne a kori mutum daga ƙungiya ko a soke rajistarsa. Sau da yawa abin da ɗa'a ta daɗe tana hanawa shi ne daga baya yake zama doka.

A Najeriya dokoki biyu ne suka fi shafar wannan sana'a. Ta farko dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ta haramta kutse, da satar bayanai, da damfara ta kwamfuta, ta kuma tanadi tara da ɗauri. Ta biyu dokar kare bayanan jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, kuma ita ta kafa hukumar kare bayanai, NDPC. Wannan doka ta ba ku haƙƙin sanin dalilin da ya sa ake karɓar bayananku, da neman a nuna muku abin da aka ajiye a kanku, da neman a gyara kuskure, da janye amincewarku. Idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, dole a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar babban kamfani tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya samu a shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙananan wurare kuma naira miliyan 2 ne ko kashi 2 cikin 100.

Wa abin ya shafa a Kebbi?

Kusan kowa. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya, wato Anchor Borrowers, a watan Nuwamban 2015. Shiga shirin ya buƙaci asusun banki da lambar BVN, don haka sunayen dubban manoman shinkafa, da girman gonakinsu, da bashin da ake bin su, duk suka koma cikin kwamfuta. Tun daga ƙarshen 2020 kuma aka wajabta haɗa layin waya da lambar katin ɗan ƙasa, NIN. Ma'aikaci yana jiran albashi daga manhaja, ɗan fansho yana jiran tantancewa daga manhaja, maniyyaci da ɗalibi da mai neman aiki duk ta intanet suke cike takarda.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, jihar tana yaye masu sana'ar. Ana koyar da ilimin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Shirin gwamnatin tarayya na 3MTT, wanda aka fara a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, shi ma yana ƙara yawansu. Waɗannan matasa su ne za su rubuta manhajojin makarantunmu da asibitocinmu da kasuwanninmu.

Nawa bin ƙa'ida yake ci?

Karanta kundin ACM da na IEEE kyauta ne, suna nan a intanet. Rajista da CPN ko zama ɗan ƙungiyar NCS yana da kuɗin shiga da na shekara-shekara.

Babban kuɗin yana cikin aikin kansa. Gwaji yana cin lokaci. Ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban, domin kada a yi asara idan kwamfuta ta ƙone ko an sace ta, yana cin kuɗi. Gyara da sabuntawa bayan an miƙa aiki suna buƙatar a ci gaba da biya. Saboda haka mai bin ƙa'ida yakan fi tsada, kuma yakan fi jinkiri. Idan mutum biyu suka kawo muku farashi, ɗaya ya ce mako biyu, ɗaya ya ce wata biyu, ku tambayi na farko me ya cire. Araha ba ta ado.

Shi ma mai rubutun yana biyan nasa kuɗin. Wanda ya ƙi rubuta layin tauye awo yana iya rasa kwangila a lokacin da yake buƙatarta. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma shi ya sa ake son masu sana'ar su haɗu a ƙungiya, domin idan duk sun ƙi, maigida ba shi da wanda zai koma wa.

Anya takarda za ta hana mugu mugunta?

Ita kaɗai ba za ta hana ba. Da yawan masu rubuta manhaja ba su da rajista da kowace ƙungiya, kuma manhajoji da yawa da muke amfani da su daga wajen ƙasa aka ƙera su. Duk da haka kundin yana da amfani ta fuska uku. Yana koya wa sabon shiga abin da bai taɓa tunani a kai ba. Yana ba mai gaskiya hujjar da zai nuna wa maigida idan an matsa masa. Yana kuma ba ku, masu biyan kuɗin aiki, ma'aunin da za ku rubuta a yarjejeniya.

Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke rubuta manhaja fa?

Ƙirƙirarriyar basira manhaja ce da aka horar da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har ta iya amsa tambaya da tsara layukan umarni. Masu sana'a da yawa suna amfani da ita domin sauri. Amma tana kuskure, kuma ba a kai ta kotu. Wanda ya karɓi kuɗin aiki shi ke da alhakin karanta abin da ta rubuta da gwada shi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Haka kuma bai dace ya zuba mata sunayen marasa lafiya ko asusun abokan ciniki ba tare da izini ba.

Me za ku tambaya kafin ku ba da aiki?

Idan kuna da makaranta, ko shagon magani, ko ƙungiyar manoma, ku zauna da mai rubutun ku yi masa waɗannan tambayoyi, kuma a rubuta amsoshin a yarjejeniya:

Waɗanne bayanan mutane manhajar za ta karɓa, kuma me ya sa?

Ina za a ajiye su, wa zai iya ganinsu, kuma akwai kwafi a wani wuri?

Wa ya mallaki asalin rubutun manhajar da babbar lambar sirri bayan an gama biya?

Shin manhajar tana ajiye tarihin duk wanda ya canza wani adadi, da ranar da ya canza?

Yaya za a gwada ta a gabanmu da lissafin da muka riga muka san amsarsa?

Idan ta lalace, wa zai gyara, cikin kwana nawa, kuma a kan nawa?

Mai gaskiya zai ji daɗin tambayoyin. Wanda ya fusata ko ya ce abin ya fi ƙarfin fahimtarku, ku nemi wani.

Ina za ku kai kuka idan an cuce ku?

Ku fara da ajiye shaida: rasit, saƙon banki, hoton allon waya, da rana da lokaci. Idan batun kuɗi ne, ku rubuta wa bankinku koke, ku karɓi lambar koken. Idan bai warware ba, ku kai ga sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, wanda yake da reshe a Birnin Kebbi. Idan an yaɗa bayananku ko an ci mutuncinku ta manhajar bashi, ku kai ga NDPC da FCCPC. Idan damfara ce ko kutse, ku je ga 'yan sanda ko EFCC. Kada ku yarda a rufe muku baki da cewa "kwamfuta ce ta nuna". Mutum ne ya gaya wa kwamfuta abin da za ta nuna, kuma kuna da haƙƙin neman a sake lissafi.

Kira ga masu koyo da masu koyarwa

Ku matasa masu koyon wannan sana'a, ku nemi kundin nan ku karanta tun kafin ku karɓi aikin farko, ku kuma yanke wa kanku abin da ba za ku rubuta ba komai kuɗin da aka ɗora. Malamai, ku sa labarin Horizon da na manhajojin bashi a cikin darasi, ku tambayi ɗalibai abin da za su yi da su ne a kujerar. Masu ba da kwangila a ma'aikatu da makarantu da asibitoci, ku sa gwaji da riƙon sirri cikin sharuɗɗan biya. Ku kuma sauran jama'a, ku karanta abin da manhaja ke nema kafin ku danna amincewa, kada ku ba kowa lambar sirrinku, kuma duk adadin da bai kwanta muku ba, ku tambaya.